ADON DABBA: DON ITA A KE YI, KO DON MAI ITA?

In aka gaya wa Bahaushe cewa a ƙasashen Turai da Amurka akwai kantuna waɗanda ba su sayar da kome sai tufafin karnuka, watau riguna, da huluna, da takalma, da barguna, har da turare, abin da zai fara yi shi ne dariya, sa'an nan ya riƙe baki ya ce, "In da ranka ka sha kallo!" Amma in aka ɗauko ɗaya daga cikin masu kantunan nan, aka tsai da shi a ƙofar fadar Kano, ko Katsina, ko Zazzau ran hawan Salla, ya ga ingarma ya fito sha da kaya tun daga goshi har gindin wutsiya, kayan da kuɗinsu ya isa ya ci da gida guda wata da watanni, to, shi ma sai ya riƙe nasa bakin. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

To, tun da ya ke mu da su hali guda mu ke yi, dabbar ce kaɗai ta bambanta, ya kamata mu bar yi wa juna dariya, mu zauna mu dubi al'amarin da idon basira. Me ya sa ɗan Adam ya kan shaƙu da dabba har ya tufasar da ita? Kuma in ya tufasar da ita, wa ya amfana, ita ko shi?

SABO YA DAƊE

A shekarar 1914 waɗansu masu fasa dutse a wani wuri da a ke kira Obakasel, kusa da birnin Bon cikin ƙasar Jamus, suka tono wani tsohon kabari. Ciki akwai ƙasusuwan mutum biyu, namiji da mace, tare da na wani ƙaramin kare. Masana sun ƙiyasta shekarun kabarin nan sun kai wajen 14,000. Da aka sake duban haƙoran karen, cikin wani bincike da aka buga a 2018, sai aka ga alamar wata muguwar cuta ta karnuka ta kama shi tun yana ɗan wata huɗu zuwa biyar, ya yi makonni yana fama da ita, bai mutu ba sai da ya kai wajen wata bakwai. Kwikwiyo mai irin wannan ciwo ba ya farauta, ba ya gadi, ko cikinsa ba ya iya ciyarwa. Ashe ke nan akwai wanda ya riƙa ba shi ruwa da abinci, yana share shi, yana ɗumama shi, alhali kuwa bai sa ran wata riba daga gare shi ba.

Haka kuma a Masar. A 1935 masu tonon kayan tarihi suka sami wani dutse mai rubutu a Giza, yana ba da labarin wani kare mai suna Abutiyu, wanda ya ke gadin wani sarkinsu fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Da karen ya mutu, sarki ya yi umurni a ba shi akwatin gawa daga baitulmali, da lilin mai kyau, da turaren wuta, a gina masa kushewa.

Mu ma nan ba baƙin wannan hali ba ne. Bafillace ya san kowace saniya cikin garkensa, ya san uwarta da kakarta, in ya kira ta ta ɗaga kai ta zo. Bahaushe kuwa ya raba launin doki suna suna, ga kili, ga akawali, ga bidi, ga hurde, ga danda, ga gunya, ga aharas. Mutum kuwa ba ya yawaita wa abu suna sai ya daɗe yana kallonsa da sha'awa. Kowa ya san yadda yaran gida su kan yi da ragon layya: su wanke shi, su ba shi dusa da harawa da kanwa, ran Babbar Salla kuma a ga ƙaramin cikinsu ya ɓuya bayan ɗaki yana share hawaye. Mutanenmu sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Gaskiya ne, amma ko cikin karin maganar ai an yarda akwai sabon.

DALILIN SHAƘUWA

Masana halin dabbobi sun yi ta neman asalin wannan shaƙuwa. Wani masani mutumin Ostiriya, Konrad Lorenz, ya bayyana a 1943 cewa akwai waɗansu siffofi na jariri, watau babban kai, da manyan idanu, da gajeren hanci, da kumatu, waɗanda in mutum ya gan su zuciyarsa ta kan yi taushi ko bai yi niyya ba. Kwikwiyo, da ɗan kyanwa, da ɗan akuya duk suna da rabonsu na siffofin nan, don haka tausayin da aka halicce mu da shi domin 'ya'yanmu ya kan malala ya kai gare su.

A 2015 kuma waɗansu masana na jami'ar Azabu a ƙasar Jafan suka auna wani sinadari na jiki da a ke kira okisitosin, wanda ya kan ƙaru a jikin uwa sa'ad da ta ke shayar da ɗanta. Suka ga in kare da ubangidansa suka daɗe suna duban juna ido cikin ido, sinadarin ya kan ƙaru a jikinsu duka biyu. Da suka gwada da kyarketai waɗanda mutane suka rena tun suna ƙanana, ba su ga haka ba. Watau daɗewar zaman kare da mutum ta sa har jikunansu sun koyi amsa wa juna.

Shaidar wannan ta ido ita ce labarin Haciko, karen wani malamin jami'a a birnin Tokiyo. Kullum da maraice ya kan je tashar jirgin ƙasa ta Shibuya ya taryi ubangidansa. A watan Mayu na 1925 malamin ya rasu a wurin aiki, bai komo ba. Karen nan bai daina zuwa tashar ba har ya mutu a watan Maris na 1935, kusan shekara goma ke nan.

To, a nan ne fa hanya ta rabu. Dabba in ta so mutum, ta kan nuna da abin da ta iya: ta bi shi, ta jira shi, ta kwanta kusa da shi. Mutum kuwa in ya so abu, ya kan ba shi abin da shi kansa ya ke so a ba shi. Mu masu son riga ne, masu son a gan mu a yaba, sabo da haka da zarar mun ƙaunaci doki ko kare, sai hankalinmu ya tafi wajen maɗinki da baduku. Ba mu cika tsayawa mu tambayi kanmu ko ita dabbar ta san abin da a ke kira ado ba.

KAYAN DA BUKATA TA KAWO

Kada a zaci duk abin da a ke sa wa dabba banza ne. Mafi yawansa bukata ce ta fara kawo shi. A wani tsohon gidan sarauta da a ke kira Lids, cikin lardin Kent a Ingila, an tara abin wuyan karnuka fiye da ɗari, na ƙarni biyar. Waɗanda suka fi tsufa na ƙarfe ne, da yawansu masu tsini, don kyarkeci in ya kai wa karen makiyayi hari, wuya ya kan nema. Amma in aka bi su bi da bi zuwa na baya, sai a ga tsinin ya ɓace, an koma ga tagulla, da azurfa, da karan-miski, an zana sunan mai kare, an sa ɗan kwaɗo wanda makullinsa ke hannun ubangida. Abin da aka ƙera don ya tsare ran kare ya zama abin shelar sunan mai shi.

Har yanzu akwai kaya irin na fari. A Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka, a kan yi tseren karnuka masu jan keken ƙanƙara na wajen mil 1,000, kuma dokar tseren ta tilasta wa kowane mai tsere ya riƙe wa karnukansa 'yan takalman ƙyalle, don kada ƙanƙara ta tsattsage musu tafin ƙafa. A dazuzzukan Kwango akwai wani irin karen farauta da ba ya haushi, sai maharba su rataya masa ƙararrawa don su san inda ya nufa. Sirirın kare mai gajeren gashi kuwa, in aka kai shi ƙasar sanyi, lalle yana bukatar bargo kamar yadda mu ke bukatarsa cikin hunturu.

Namu misalin shi ne lifidi. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi tufa ce mai kauri da a ke cusa wa audugar rimi a ɗinke, a rufe doki da ita, mahayi ma ya sa tasa, don kibiya mai dafi in ta zo ta maƙale ba ta kai ga nama ba. A 1823 Baturen nan Denham ya ga mahayan Shehun Barno sanye da sulke sa'ad da suka fito taryarsa kusa da Kukawa, ya rubuta labarinsu da mamaki. Amma bindigar zamani ba ta san lifidi ba. Tun daga 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, yaƙin dawaki ya ƙare a ƙasar nan, lifidi ya tashi daga kayan fama ya koma kayan biki. Hanyar da abin wuyan kare ya bi a Ingila, ita lifidi ya bi a ƙasar Hausa.

KAYAN DA DARAJA TA KAWO

Doki a wurinmu ya wuce abin hawa, alamar sarauta ne. Dubi yawan sarautun da suka fito daga gare shi: Madawaki, da Ubandawaki, da Sarkin Dawaki, da Shamaki mai kula da barga, da zagage masu tafiya gaban dokin sarki. Tarihin Kano ya lissafa dawakin zage cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya fara. Su ne dawakin nan da a ke yi wa ado na ƙin ƙari, a jawo su gaban sarki ba kowa a kansu. Aikinsu ke nan, a gan su, a san sarki yana da abin hawa har ya yi saura.

Kayan doki kuwa ilmi ne mai zaman kansa. Akwai na aiki: sirdi, da zubka da a ke shimfiɗawa ƙarƙashinsa, da majayi, da likkafa, da linzami, da kamazuru, da ragama. Akwai na ƙawa: jalala, da alkashafa, da suka-dubu, da ɗan gaba, da tunku, da layu masu rufin jar fata. Bayan kowane ɗaya akwai mai sana'a da iyalinsa, baduku, da maƙeri, da maɗinki, da marini. Wannan ƙawa ita aka nuna wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, ita aka sake nunawa can a bikin al'adun baƙar fata na 1977, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Salla na Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Abin alfahari ne, ba mu ce a bari ba.

Amma daraja in ta sami wuri ba ta san iyaka ba. Marubucin tarihin Rum, Suwetoniyus, ya ce Sarki Kaligula, wanda ya yi mulki daga shekara ta 37 zuwa ta 41 bayan haihuwar Annabi Isa, ya gina wa dokinsa barga ta marmara, da komin hauren giwa, da barguna irin na sarakuna, da abin wuya na duwatsu masu tsada. A ƙasar Indiya, sarkin Junagad na ƙarshe, Muhammadu Mahabat Khan, ya shahara da tara ɗaruruwan karnuka da barori masu yi musu hidima, har an ba da labarin ya yi wa wata karyarsa bikin aure, ya gayyaci manyan ƙasa. A 1947 sarauta ta kuɓuce masa, ya ƙaura zuwa Fakistan. Yau in an ambace shi, karnukan a kan fara tunawa.

A Turai kuwa, abin da ya ke na sarakuna dā ya sauko hannun attajirai cikin ƙarni na 19, sa'ad da birane suka cika, masana'antu suka kawo kuɗi, mutane suka rabu da gona da garke. Wanda ya bar shanu a ƙauye sai ya ajiye kare a ɗaki. A Ingila aka kafa ƙungiyar masu kiwon karnukan asali a 1873, aka fara babbar gasar nuna karnuka ta Crufts a 1891. A birnin Faris maɗinka suka buɗe shaguna suna ɗinka wa karnukan matan attajirai rigar fita, da rigar ruwa, da rigar tafiya. Har makabarta aka yi musu, ɗaya a Landan a 1881, ɗaya a bakin Faris a 1899. A zamanin nan abin ya zama babban ciniki: ƙungiyar masu sayar da kayan dabbobin gida ta Amurka ta ce a 2023 mutanen ƙasar sun kashe dala biliyan 147 a kan dabbobinsu. Mafi yawan kuɗin abinci da magani suka ci, amma tufafi da kayan wasa su ma sun sami rabonsu.

Ba duk mai yin haka ne mai fariya ba. Da yawa tsofaffi ne da 'ya'yansu suka watse, ko masu zaman kaɗaici a babban birni inda maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Wanda ba shi da mai yi masa sannu da zuwa sai kare, ba abin mamaki ba ne in ya saƙa wa karen riga. Irin wannan tausayi ya fi cancanta da shi, ba ba'a ba.

ABIN DA JIKIN DABBA KE CEWA

Dabba ba ta da bakin ƙara, amma jikinta ya kan ba da shaida. Zafin jikin kare digiri 38 ne zuwa 39, ya ɗan fi namu. Ba ya gumi kamar mutum, sai kaɗan a tafin ƙafa. Hanyarsa ta fid da zafi ita ce haki, ya buɗe baki ya zaro harshe. In aka ƙara masa riga bisa gashin da Allah ya ba shi, a ƙasa mai zafi ko a ɗaki mai ɗumi, zafi ya kan taru a jikinsa har ya kai shi ga halaka. Bayan haka, kare da kunne da wutsiya da gashin ƙeya ya ke magana da 'yan'uwansa. In hula ta rufe kunnen, riga ta rufe ƙeyar, an ɗaure masa harshe ke nan. Kyanwa kuwa babban rabo na yininta lasar jiki ta ke yi, ita ce wankanta, riga kuma ta kan hana ta. Abin wuya ma in ya maƙale a reshe ya kan shaƙe ta, don haka a ke yin wani iri mai tsinkewa da kansa in an ja shi.

Abin da ya fi tufafi muni shi ne in son ƙawa ya kai ga sake halittar dabbar. Sabo da mutane suna son fuska mai kama da ta jariri, aka yi ta haɗa karnuka masu gajeren hanci, irin su buldog, har aka sami waɗanda numfashi ke yi wa wuya duk tsawon ransu, galibinsu kuma ba a haifarsu sai likita ya yi wa uwar fiɗa, don kan ɗan ya fi ƙarfin ƙugunta. A Amurka likitocin dabbobi sun ce fiye da rabin karnuka da kyanwoyin gida ƙiba ta yi musu yawa, don masu su sun mai da loma ita ce ƙauna. A ƙasar Saudiyya kuma, wurin gasar kyawun raƙuma ta Sarki Abdul'aziz, an kori raƙuma 12 a 2018, da fiye da 40 a 2021, don an yi musu allurar Botox da waɗansu dabaru a kumbura musu leɓe da hanci. So hana ganin laifi.

Doki ma ya sha nasa. A Ingila ta ƙarni na 19 an yi yayin wata igiya da a ke ɗaure kan dokin karusa da ita, a tanƙware wuyansa sama don ya yi kyan gani. Dokin da ke jan kaya a hawa kuwa tilas ya sunkuyar da kai ya sa ƙarfinsa, igiyar kuma ta hana shi. Wata mace, Anna Sewell, ta rubuta littafi mai suna Black Beauty a 1877, ta sa doki ya ba da labarin wahalarsa da bakinsa, littafin ya taimaka ƙwarai wajen kashe yayin nan.

To, mu dubi namu. Linzaminmu na gargajiya yana da zobe mai kewaye haɓar doki, da wani ƙarfe mai tokarar ganɗa. Shi ya sa mahayi ya kan iya sakin doki a guje wurin jahi, ya tsai da shi cak gaban sarki. A hannun gwani, taɓawa kaɗan ta isa. A hannun yaro mai son a yi masa guɗa kuwa, sai a ga kumfar bakin doki ta zama ja. Ga ƙaimi a haƙarƙari, ga kaya rututu cikin rana tsaka, doki kuwa dabba ce mai yawan gumi, wadda ta kan sha lita 30 na ruwa ko fiye a yinin zafi. Mafi ɓoyuwa duka shi ne mikin baya. Sirdi in bai zauna daidai ba, ko zubka ta tsufa ta yi tauri, sai ya goge fata ya yi gyambo, sa'an nan a kawo jalala mai aikin zinariya a rufe. Masu kallo suna tafi, doki yana cizon linzami.

ABIN DA ADDINI DA DOKA SUKA CE

Musulunci bai hana jin daɗin kyan dabba ba. Cikin Suratun Nahli an ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a kan abin hawa ne kuma abin ƙawa. Amma an gama wannan da amana. Hadisi ya ba da labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka azabtar don ta kulle kyanwa, ba ta ci da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. An hana yi wa dabba lalas a fuska, an hana mutum ya mai da bayan abin hawansa kujerar hira. Akwai ma hadisin da aka yi umurni a yanke tsarkiyar baka da a ke rataya wa raƙuma a wuya. Imamu Malik ya ce don masu yi suna nufin maganin kambun baka ne, waɗansu malamai kuwa suka ce don kada ta shaƙe dabbar. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma, da 'yar kyanwarsa aka yi masa alkunya, watau Abu Huraira.

Turawa kuma ta hanyar doka suka biyo. A 1822 majalisar Ingila ta yi dokar hana zaluntar shanu da dawaki, a 1824 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi. A 1965 wani kwamiti na gwamnatinsu ya binciki halin da dabbobin kiwo ke ciki, daga nan aka tsara haƙƙoƙi biyar waɗanda ƙasashe da yawa suka karɓa: kada dabba ta zauna da yunwa ko ƙishirwa, kada ta rasa wurin hutawa mai daɗi, kada a bar ta da ciwo ko rauni, kada a hana ta yin halinta na asali, kada a sa ta cikin tsoro. Mai karatu ya lura, cikin biyar ɗin nan babu riga, babu jalala.

MA'AUNI

Sabo da haka, duk wanda zai sa wa dabba wani abu, ya auna shi da tambaya uku. Ta fari, yana kare ta daga wani abu, sanyi, ko ƙaya, ko ƙuda, ko ɓata? Ta biyu, yana hana ta numfashi, ko tafiya, ko ci, ko kwanciya? Ta uku, in ta hango shi a hannunka, matsowa ta ke yi ko ja da baya? In abin ya tsare ta, nata ne. In bai tsare ta ba, bai kuma cuce ta ba, naka ne, ba laifi, sai dai ka san naka ne, ka cire shi da zarar biki ya watse. In kuwa ya cuce ta, to, kome tsadarsa zalunci ne.

Wanda ya ke so ya san mai doki na ƙwarai, kada ya tsaya ga kallon hawa. Ya bi shi gida bayan an sauka, ya ga ko zai kwance sirdi kafin ya kwance rawaninsa, ko zai bar doki ya huce sa'an nan ya shayar da shi, ko zai ɗaga zubka ya shafa bayan da hannunsa, ya buɗe baki ya dubi dasashi, ya ɗaga kofato ya duba. Nan a ke gane so.

Kada kuma mu manta da wanda ba a taɓa yi wa ado ba. Jaki shi ya ɗauki takinmu zuwa gona, ya ɗauko hatsinmu zuwa rumbu, ya kai itace da yashi birni, ladansa sanda. Bai roƙi alkashafa ba. Abin da ya ke bukata akumari ne mai laushi, da mangala daidai ƙarfinsa, da ruwa, da hutu in bayansa ya yi miki. Ku da za ku koyar da yara a makarantu, in kuka ga sun taru suna jifan kare, ko suna dukan jaki don wasa, ku sani darasin ranar ya zo da kansa, gama yaron da ya koyi tausayin abin da ba ya iya ramawa, shi ne zai ji tausayin talaka ran da ya sami iko.

Allah ya ba mu ikon riƙon amanar abin da ya sa a hannunmu, amin.